Yadda mai ciwon hajijiyar kunne zai tsara cinsa da shansa

Akwai wani irin jiri da ya sha bamban da na yunwa ko na ƙarancin jini. Mutum yana zaune lafiya ƙalau, sai ya ji kunnensa guda ya toshe kamar an ɗura masa ruwa, wata ƙara ta tashi a ciki kamar ta injin niƙa daga nesa, jinsa ya ragu, sannan ɗakin gaba ɗaya ya shiga juyawa da shi har ya kasa tsayuwa, zuciyarsa ta tashi, ya yi ta amai. Abin yakan ɗauki daga minti 20 zuwa sa'o'i 12, ya lafa ya bar mutum a galabaice, bayan kwanaki ko makonni ko ma watanni ya sake dawowa. A nan Kebbi wasu juwa suke ce masa, wasu hajijiya, kuma sau da yawa kafin a kai ga asibiti an riga an ɗora alhakin a kan iska ko sammu ko shawara. Likitocin kunne suna kiransa cutar Meniya, da sunan likitan Faransa Prosper Ménière, wanda a shekarar 1861 ya bayyana a birnin Faris cewa tushen irin wannan jiri yana can cikin kunne, a lokacin da mutanen zamaninsa suke ɗauka daga ƙwaƙwalwa yake.

Domin a gane abin da ya haɗa tukunyar miya da wannan ciwo, sai an leƙa bayan dodon kunne. Can cikin ƙashin kai akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa wanda da shi ake ji, a gefensa kuma akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa da wasu 'yan jakunkuna biyu, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa ko mutum yana tsaye, ko yana kwance, ko ya juya kai. Duk cike suke da wani ruwa na musamman, kuma lafiyayyen kunne yana riƙe yawan ruwan nan a ma'auni guda, ko mai shi ya ci kilishi ko ya wuni da ƙishirwa. A kunnen mai cutar Meniya ruwan yakan taru fiye da kima ya kumbura siririyar fatar da take ƙunshe da shi. Fahimtar da likitoci da yawa suke aiki da ita ita ce, irin wannan kunne ya rasa ikon tsare ma'auninsa, saboda haka duk hawa da saukar da gishiri da ruwa suke yi a cikin jini suna iya isa gare shi. Daga nan aka samo ƙa'idar da bayanin nan ya ginu a kanta: a rage gishiri, sannan a daidaita ci da sha yadda jiki ba zai riƙa samun ambaliya yanzu, fari an jima ba.

Wannan shawara ta daɗe. Tun a shekarar 1934 wani likitan kunne a Jami'ar Michigan ta Amurka mai suna Albert Furstenberg da abokan aikinsa suka ba da shawarar rage gishiri ga masu wannan ciwo, kuma jagorar da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar a 2020 ta ci gaba da umartar likitoci su yi wa marasa lafiya bayanin gyaran abinci. Gaskiya ce kuma cewa hujjar ta fi dogara ga abin da likitoci da marasa lafiya suka gani a aikace, domin da masu bitar bincike na Cochrane, wata ƙungiyar masana ta duniya da take tace sakamakon binciken likitanci, suka duba lamarin a 2018, ba su tarar da wani babban gwaji da ya cika sharuɗɗansu ba. A ganina wannan bai isa ya hana mutum gwadawa ba, tunda tsarin ba ya cin kuɗi, yana kuma taimakon mai hawan jini, wanda ba ƙaramar riba ba ce a shekarun da ciwon ya fi kama mutane, wato tsakanin 40 da 60. Abin da bai kamata a sa rai ba shi ne abinci ya warkar da ciwon baki ɗaya ko ya dawo da jin da ya riga ya tafi.

Kafin a taɓa tukunya

Matakin farko shi ne a tabbatar da sunan ciwon, domin jiri iri-iri ne kuma yawancinsu ba ruwansu da gishiri. Wanda ya fi yawa shi ne wanda yake taso wa mutum idan ya juya a kan shimfiɗa, ko ya ɗaga kai sama, ko ya yi ruku'u, ya ɗauki ƙasa da minti guda ya wuce. Wannan 'yan ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne suke barin mazauninsu, kuma maganinsa wani juyi ne da likita yake yi wa kan mara lafiya a kan gado, wanda ko shekara mutum ya yi yana cin lami ba zai maye gurbinsa ba. Akwai kuma jirin da yake tafiya da ciwon ɓarin kai, da na ƙarancin jini, da na saukar jini, da na zazzaɓin cizon sauro. Likitan kunne ne zai bambance su, yawanci da gwajin ji. Mutumin Kebbi zai iya farawa daga asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, idan ana bukatar ƙarin bincike a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Awon gishiri

Abin da ake gudu a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda yake kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi lafiyayye ya tsaya ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato ƙasa da giram 5 na gishiri, likitocin kunne kuma sukan sanya wa mai cutar Meniya tsakanin miligiram 1,500 da 2,000. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa harshen madafa, kason yini guda bai cika cokalin shayi ɗaya da aka shafe bakinsa ba, kuma a cikinsa ne za a lissafa har da sodiyam ɗin da ya zo a burodi da nama da nono da sauran abin da ba a ga an barbaɗa masa komai ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce, kowace safiya a auni rabin cokalin shayi na gishiri a zuba a 'yar roba mai murfi, a san cewa wannan shi ne duk abin da za a ƙara wa abincin mara lafiyar daga kari zuwa tuwon dare, sauran kason kuma an bar wa abin da yake ɓoye a cikin abinci. A raba shi uku, kuma rabon nan yana da muhimmanci daidai da ragewar. Wanda ya sha koko ba komai da safe, ya sha fura da rana, sannan ya juye kasonsa duka a miyar dare, bai saɓa wa lissafi ba, amma ya saɓa wa manufar, domin ya auna wa jininsa gishirin yini a zama guda. Haka wanda yake kiyayewa kwana shida, ranar suna ko ɗaurin aure ya saki jiki.

A yi amfani da gishirin leda mai sinadarin aidin, domin ɗan abin da ya rage ya ci gaba da kare mutum daga maƙoƙo. Manda da gishirin Balma da na Foga, wanda kakanninmu suka saba saye a kasuwar Jega, duk suna da sodiyam, kuma kasancewarsu na gargajiya ba ya sa kunne ya yi musu rangwame. Akwai kuma gishirin da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini, wanda aka maye wani kaso nasa da fotasiyam. Kada a fara shi sai da izinin likita, musamman mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini da suke tara fotasiyam a jiki.

Kada kuma a zarce a daina gishiri ɗungurungum. Manomin da yake wuni a fadamar shinkafa ko lambun albasa a watan Afrilu yana zubar da gishiri a gumi, idan kuma yana shan maganin sa fitsari, jininsa zai iya sauka ya jawo masa wani jirin daban. Irin wannan mutum ya gaya wa likita sana'arsa tun farko, a yanka masa kason da ya dace da shi.

Gishirin da ba a kiransa gishiri

A nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, kuma a gidanmu na ga yadda abin yake faruwa. Gwaggona da ke Argungu ta yi wata biyu tana bin abin da take kira dokar likita, amma juwar ba ta sassauta ba, har ta fara cewa maganin asibiti bai karɓe ta ba. Wata ranar Asabar na je gaishe ta, na zauna kusa da murhu muna hira da matar ɗanta, wadda take haɗa miyar kuɓewa. Gishiri kam ba ta taɓa shi ba. Sai dai na ga ta ɓare dunƙule biyar ta marmasa a tukunya, ta ɗanɗana, ta ƙara biyu, ta kawo farin magi ta barbaɗa, ga kuma guntun kanwa kamar kan babban yatsa da ta riga ta jefa tun ruwan bai tafasa ba. Da na tambaye ta, sai ta ce, “Ai Inna ce likita ya hana wa gishiri, shi ya sa nake ƙara dunƙule don kada miyar ta yi lami.” Da dare kuma na tarar da kofin jiƙon kanwa a gefen gadon tsohuwar, wanda take kurɓa saboda kumburin ciki. Da na yi magana ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, kanwa kuma ai magani ce, tun ina budurwa nake shan ta.” Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu. An ce musu gishiri, su kuma suka kiyaye abin da suka sani da wannan suna.

Dunƙule ƙarami mai nauyin giram 4, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, wato guda biyu sun kusa cinye kason yini. Duk ranar da rabon mara lafiya ya ƙunshi dunƙule guda, to a ɗauka ya ci mafi yawan abin da ke cikin 'yar robar nan. Farin magi yana da sodiyam kimanin kashi 12 cikin 100, wato kusan sulusin na gishiri, amma matsalarsa ita ce ba a sa shi a madadin gishiri, a kansa ake ƙara shi, kuma wasu masu ciwon suna lura yana tayar musu da shi.

Kanwa ce ta fi ɓuya, domin ba a ɗaukar ta a jerin kayan ɗanɗano. Sunan da ake kiranta da shi a Turanci yakan sa wasu 'yan boko su zaci fotasiyam ce, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ko ja ce, ko fara, ko ungurnu. Tana shiga miyar kuɓewa da ta kuka don yauƙi da kore, tana shiga wake don ya yi saurin nuna, tana cikin ɗanwake da waina da tuwon dawa a gidaje da yawa, ga kuma kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego. Mai cutar Meniya ya bar jiƙon kanwa da kununta gaba ɗaya. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, zai nuna ba tare da ita ba, sai dai ya ɗan ƙara cin itace. Ɗanyar kuɓewa idan aka goga ta ko aka daka ta da kyau, aka zuba a ruwa kaɗan mai tafasa ba tare da rufe tukunya ba, tana yin yauƙin da ya isa a ci tuwo. Wasu sukan koma ga ruwan toka a madadin kanwa, kuma ya fi ta ƙarancin sodiyam, amma da yake fotasiyam ya yi masa yawa, gargaɗin da aka yi a kan gishirin masu hawan jini ya hau kansa shi ma. Hodar da ake sa wa cincin da kek don su tashi ita ma 'yar gidan sodiyam ce.

Sai yaji. Yajin tsire da na ƙuli-ƙuli da wanda ake barbaɗa wa garau-garau da ɗanwake da awara, kusan duk an daka su da gishiri da dunƙule, kuma da yake a kan abinci ake zuba su bayan an gama girki, ba wanda yake lissafa su. A daka wa mara lafiya nasa daban, da barkono da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa da ƙuli-ƙulin da ba a sa wa gishiri ba.

Bayan da aka gyara waɗannan a gidan gwaggo, tazarar da ke tsakanin tashin ciwon ta ƙaru sosai, ko da yake ba ta daina shan maganinta ba, kuma ƙarar kunnen tana nan har yau.

Gidan da tukunya ɗaya ce

Takardun da asibitoci suke rabawa sukan yi magana kamar kowa shi yake dafa wa kansa, alhali a gidajenmu tukunya guda ce take ciyar da mutum goma ko ashirin, kuma mai ciwon sau da yawa ba ya ko leƙa madafa. Saboda haka wadda za a zaunar a yi wa bayani ita ce mai girki, idan gidan mata biyu ne ko uku a haɗa su duka, domin ba amfani a kiyaye ranar girkin wannan a warware ranar girkin waccan. Idan da hali a tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita, hakan yana rage zargin cewa ana raina girkinta.

Dabarar ba ta bukatar girki biyu. A haɗa miya kamar kullum, da mai da albasa da tattasai da nama ko kifi, amma a jinkirta gishiri da dunƙule. Idan ta kusa nuna a ɗebi rabon mara lafiya a ƙaramar tukunya, a sa masa sulusin kasonsa, sannan a ƙarasa ta gida yadda aka saba. Miyar da ake sa wa kanwa tun farko ce kaɗai take bukatar a raba tukunya tun daga tushe. Tuwon shinkafa da na masara da dafaffiyar shinkafa ba su bukatar gishiri ko kaɗan, kuma idan aka daina sa musu, 'yan gida da wuya su lura.

Makonnin farko abincin zai yi wa mutum salam a baki, kuma a nan ne da yawa suke karaya. Harshe yana sabawa cikin wata ɗaya zuwa biyu, har ya kai mutum ya ɗanɗani miyar da ya saba ci a da ya ji ta yi masa zau. Kafin a kai nan, tsami da ƙamshi su ne abokan tafiya. Allah ya hore mana albasar Aliero, kuma idan aka soya ta a hankali har ta yi ja tana ba miya zaƙin da dunƙule ba ya bayarwa. Miyar sure da tsaminta, da ruwan tsamiya, da lemun tsami da aka matsa a kan kifi ko kwaɗon zogale daf da ci, duk suna rufe gurbin gishiri. Daddawa, ta kalwa ko ta batso, ita ce dunƙulen kakanninmu kuma ta fi shi dacewa da wannan tsari, sai dai a tambayi mai yin ta ko tana sa gishiri ko kanwa, domin hannu ya bambanta. Ɗanyen kifi na Yauri ko na Argungu, tarwaɗa ko ƙarfasa, sodiyam ɗinsa kaɗan ne. Busasshe da banda kuwa wani lokaci an sa musu gishiri don kada su lalace, saboda haka a jiƙa su a ruwan zafi a zubar da ruwan kafin a sa a miya.

Abincin waje ya fi wuyar sha'ani. Kilishi da dambun nama da gyaɗa mai gishiri da kifin gwangwani a ɗauke su abin marmari na loto-loto, guntu kaɗan. Wajen mai nama a nemi balangu ko gashi a ce kada ya barbaɗa yaji, a zo gida a sa na gida. Indomie da ire-irenta, leda guda da ƙunshin ɗanɗanonta tana iya cin kusan rabin kason yini. Burodi ma yana da gishiri ko da ba a ji, don haka mai karyawa da shi kullum ya riƙa musanyawa da koko ko kunun gyaɗa ko dafaffen dankali. Duk abin da aka saya a leda ko gwangwani a duba bayansa: miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri. A wurin biki kuwa, mutum ya ci abinsa a gida kafin ya fita, can ya taɓa kaɗan don kada a ce ya ƙi cin abincin mutane.

Ruwa, lokacin ci, da azumi

Wasu suna jin an ce ruwa ya taru a kunne sai su rage shan ruwa, kuma wannan kuskure ne, domin ƙishirwa tana sa jiki ya saki sinadarin da yake riƙe ruwa. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2006 ya sa marasa lafiya shan mililita 35 a kan kowane kilo na nauyinsu a yini, aka kuma ga sauƙi a wurinsu. A wannan lissafi mai kilo 60 zai sha lita 2 da ɗan ɗori, wato ledar fiya wata huɗu da 'yan kurɓi. A bazararmu, da zafi yake haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, bukatar ta fi haka. Muhimmin abu shi ne a rarraba shan tun daga asuba har dare, kofi guda bayan kowace salla da kofi guda tare da kowane abinci, maimakon a jira ƙishirwa ta yi tsanani a kafa kai a moɗa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya bi adadin da likitansa ya yanka masa.

Abinci ma haka, sau uku a lokuta sanannu, kimanin yawa guda, ba a tsallake kari. Fura da nono abinci ne da ya dace ƙwarai da tsakar rana, tunda ba a sa mata gishiri, sai dai a sassauta sukari, domin zaƙi mai yawa a zama guda shi ma yana motsa ma'aunin ruwan jiki.

Azumin Ramadan yana bukatar shiri tun watan Sha'aban. A je wa likita a tambaye shi ko jiki zai ɗauka, da yadda za a sauya lokacin shan magani, musamman na sa fitsari. Wanda zai yi azumi kada ya bar sahur, kuma ya nisanci mai gishiri a lokacin, ya rarraba ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur. Ya buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, ya yi salla, sannan ya ci abinci matsakaici, domin teburin buɗa-baki na ƙosai da awara da yaji da farfesu shi ne ainihin ambaliyar da ake gudu bayan wunin fari. Wanda ciwon yake taso masa a kai a kai, ya san cewa aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwamen ramawa a wasu kwanaki, ya kuma nemi malaminsa ya yi masa bayanin hukuncin da ya dace da halinsa.

Goro da shayi da abin da ake saye a kemis

Ana shawartar mai wannan ciwo ya rage sinadarin kafeyin, domin yana iya ƙara ƙarar kunne kuma yana hana barci, rashin barci kuwa yana cikin abubuwan da suke tayar da juwar. Littattafan Turawa kofi suke ambata, amma a wurinmu babbar hanyarsa ita ce goro, sai shayi, musamman mai kaurin nan irin na Buzaye da ake dafawa a ƙaramar buta, sai Nescafé da lemun kwalba baƙi da abubuwan shan ƙara kuzari da matasa suke yayi. Dattijon da ya shekara talatin da goro a aljihu kada a ce ya bari rana ɗaya, domin zai yi ciwon kai da kasala ya ɗauka sabon tsarin ne bai karɓe shi ba. A rage a hankali cikin mako biyu ko uku, daga goro uku zuwa biyu, zuwa ɓari guda da safe. Shayin citta da kanumfari ko na na'a-na'a ba shi da kafeyin, haka zoɓo, sai dai zoɓo yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya sha shi da lissafi.

Taba kowace iri a bar ta, domin tana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da suke ciyar da kunne, tabar gari da ake cuɗawa da kanwa kuwa laifinta biyu ne. Giya tana rikita sashen daidaito na kunne ko ga mai lafiya.

A kemis ma akwai abin lura. Garin maganin ciwon kai irin Alabukun yana ɗauke da asfirin da kafeyin, Panadol Extra yana da kafeyin, kuma asfirin mai yawa da kwinin suna sa ƙarar kunne. Magungunan ciki da suke tafasa idan an zuba su a ruwa suna da sodiyam. Allurar jentamaisin, wadda wasu suke yi barkatai, tana iya lalata kunnen ciki, don haka mai wannan ciwo ya riƙa faɗin ciwonsa kafin a rubuta masa kowane magani. Idan likita ya ɗora shi a kan maganin sa fitsari, ya tambaya ko irin mai zubar da fotasiyam ne. Idan shi ne, ayaba da lemun zaƙi da dankali da wake da alayyafo da dabino suna mayar da abin da aka rasa, idan kuma irin mai tara shi ne, ba a bukatar ƙari.

Littafi, da ranar da ciwon ya taso

Abin da yake tayar wa wani ba lallai ya tayar wa wani ba, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abin da aka ci ranar Talatar makon jiya. A sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, kowace rana a rubuta abin da aka ci da lokacinsa, da yawan ruwa, da goro ko shayi, da sa'o'in barci, da duk wani tashin hankali, sannan yadda kunne ya kwana: toshewa, ƙara, ko juwa da tsawon lokacinta. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya sa jikansa. A ba tsarin wata biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci, tunda ciwon da kansa yana tafiya ya dawo, kuma idan ana son gwada ko wani abinci ne mai laifi, a cire shi shi kaɗai, kada a cire abu biyar a lokaci guda a rasa gane wanne ne.

Idan juwar ta taso, mutum ya kwanta a wuri mai aminci, ya tsayar da kansa, ya kafa ido a kan abu guda da ba ya motsi, ya sha maganin da likita ya ba shi don irin wannan lokaci. Kada a ɗura masa abinci ko jiƙo yana cikin amai. Wanda ya fara jin alamun toshewar kunne kada ya hau babur ko ya shiga kwalekwale ko ya tsaya bakin rijiya. Idan kuwa jirin ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kai mai tsanani da ba a saba ba, to wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, sai a garzaya asibiti nan take.

Bayan aman ya tsaya a fara da kurɓin ruwa kaɗan-kaɗan. Idan an yi amai da yawa, ruwan gishiri da sukari na leda ya halatta a wannan rana duk da sodiyam ɗinsa, domin mayar da abin da jiki ya zubar ake yi. Daga nan sai koko mara kauri ko kunun tsamiya, sannan tuwo mai laushi da miya kaɗan idan ciki ya karɓa. Washegari a koma ga 'yar robar gishiri da rabonta uku, a rubuta a littafi abin da aka ci cikin kwana biyun da suka gabaci tashin ciwon, a tafi da littafin ranar komawa asibiti.